Wasiyyar da Ta Sha Guga

A bakin wata kasuwa, daura da shagon Mai Aski, akwai wani tela da ya shekara ashirin da biyu yana ɗinka wa lauyoyi baƙaƙen rigunansu na shiga kotu. Aikin hannunsa ba shi da makusa, wannan dole a faɗa. Inda aka samu matsala shi ne, yawan auna kafaɗun lauyoyi ya sa ya fara jin cewa abin da ke cikin kawunansu ya biyo tef ɗin awo ya shige nasa. Ko gardamar wurin ajiye keke aka yi a layin, sai ya ɗaga almakashi sama ya ce, "A dokance," sannan ya yanke hukuncin da ba wanda ya roƙe shi.

Ana nan sai wansa ya rasu. Marigayin mutum ne mai tsari, yana da shagon fitilu da wayoyin lantarki a cikin kasuwa. Ya bar mata da 'ya'ya uku, da shagon da ke ciyar da su, da wata ambulan ta wasiyya a cikin akwatin ƙarfe. Ba a daɗe da share makoki ba ofishin kasuwa ya aiko da takarda: shagon da sunan marigayi yake, don haka cikin kwana talatin a kawo shaida daga kotu cewa an buɗe maganar gado kuma an san wanda zai riƙe shi. In ba haka ba, za a ba na gaba a layi.

Aka taru a falon marigayin. Akwai matarsa, akwai Tela, akwai kuma babbar yayarsu, tsohuwar malamar asibiti wadda kowa ke kira Gwaggo, har ƙannenta.

Gwaggo ta ce, "A nemi lauya. Gobe da safe."

Tela ya yi murmushi irin na wanda aka zo gidansa ana tambayar hanya. "Gwaggo, kin san abin da lauya zai caje mu? Kuɗin buɗe fayil daban, na zama daban, na tashi daban. Ko tari ya yi a gabanki sai ya rubuta. Ni na san su ciki da waje. Ni nake sa musu aljihu, na san zurfinsa."

"Aljihu ka sani. Doka muke nema."

"Doka da me ta fi ɗinki? A auna, a yanka, a haɗa."

Matar marigayin ta ce a hankali, "Ni dai shagon nan. In ya tafi, ban san abin da zan ba yaran nan ba."

Tela ya ce, "Matar Yaya, kwana uku kawai. Ran farko in kai, na biyu su duba, na uku in kawo miki takarda da hatimi. Abu uku kotu ke so: shaidar rasuwa, jerin abin da ya bari, da asalin wasiyya. Sai ɗan kuɗin rajista. Me ke nan da za a ɗauko baƙo a kai?"

Abin takaici, har zuwa nan gaskiya ya faɗa. Da ya ɗauki ambulan ya miƙa ta yadda take, da ba a samu labarin bayarwa ba.

Amma sai ya biya ta shagonsa, ya buɗe ambulan a kan teburin yanka. Wasiyyar shafi uku ce, an haɗa su da ƙarfen sitefula wanda ya yi tsatsa, a gaba kuma an maƙala wata 'yar takarda a ninke. Gefen shafukan ya ɗan tauye, sun kuma yi layin ninki biyu. Tela ya dube ta kamar yadda yake duban rigar da wani telan ya ɓata.

"Yaya ke nan. Mutum da ƙani tela, amma ya bar takarda kamar an kwana a kanta."

Ya sa bakin almakashi ya ɓalle ƙarfen. 'Yar takardar ya ɗauka rasit ne na kantin da aka sayi ambulan, kuma tabaraunsa na gida, domin ya daɗe yana shaida wa jama'a cewa idonsa ya fi na matashi. Ya wurga ta kwandon ƙyallaye. Ya ɗora dutsen guga ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka wani ya leƙo yana tambayar wandonsa, Tela ya tsaya bayanin abin da doka ta ce a kan wando, har sai da ƙauri ya tashi. Kwanan watan da ke shafi na uku ya koma launin ƙasa. Bai damu ba. Ya daidaita shafukan, ya yanke gefen da ya tauye tsaf, sannan ya zauna kan keken ɗinki ya bi gefen hagu da farin zare, ɗinki biyu, ya ƙulle.

Mai Aski ya leƙo. "Me kake ɗinkawa haka ba hannu ba wuya?"

"Aikin kotu ne. Ba za ka gane ba."

Sashen gado na kotun ɗaki ne mai tsawo, da benci biyu da fanka a sama da kabad-kabad cike da fayiloli. A ƙarshensa Magatakarda ke zaune, siririn mutum mai tabarau wanda bai taɓa ɗaga murya ba. Tela ya yi awa biyu a layi, sannan ya shimfiɗa wasiyyar a gabansa da hannu biyu.

Magatakarda ya juya ta gaba da baya. "Wa ya ɗinke ta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Dubi layin, babu karkata."

"Na gani. Waɗannan ramuka biyu na kusurwa fa?"

"Wani tsohon ƙarfe ne, na cire shi. Yana ɓata mata fuska."

"Me ke maƙale a jikinsa?"

"Wata 'yar takarda ce kawai."

"Me aka rubuta a ciki?"

Tela ya gyara hula.

Magatakarda ya ajiye biro. "Malam, wasiyya ana kawo ta ne yadda mai ita ya bar ta, da tsatsarta da ninkinta. Rami yana nufin an cire wani abu. Kotu ba ta san ko rasit ba ne, ko wani shafi ne da ya sauya abin da ke cikin ukun nan. Sai ka kawo abin da ka cire, ka kuma yi takardar rantsuwa a kan yadda aka yi. Rantsuwar tana da kuɗinta. Na gaba."

Da yamma matar marigayin ta tambaye shi. Ya ce, "Ana kan aiki, Matar Yaya. Magatakarda sai juya takardar yake yi, ya kasa ajiye ta."

Ya koma shago ya duba kwandon ƙyallaye, ya tarar da shi wayam. Bai tsaya tambaya ba, domin wata dabara ta riga ta faɗo masa. In ramuka ne matsalar, ai toshe rami sana'arsa ce. Ya yanko siririn farin yadi ya yi wa wasiyyar baki ta kowane gefe, kamar yadda ake yi wa wuyan riga, ya rufe kusurwar ruf. Ya ɗauki biro ya bi kan kwanan watan da ya ƙone don ya fito sosai. Da yake adadin ƙarshe bai karantu ba, sai ya zaɓi wanda ya fi dacewa da wurin. Daga nan ya kai ta shagon masu hoto aka lulluɓe ta da roba, aka gasa, ta fito tana sheƙi kamar farantin sayarwa.

Duk wannan, da neman yadin da ya dace, da ranar da injin masu hoto ya lalace, da ranakun da kotu ba ta aiki, ya ci kwana goma sha ɗaya.

A zuwa na biyu Magatakarda ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Malam, ranar nan rami biyu ne tsakaninmu."

"Yanzu babu ko ɗaya."

"Yanzu na daina ƙirga a ɗari da sittin. Wannan tawadar ta kwanan wata ta yaushe ce?"

"Tawada ai duk tawada ce."

"Marigayin da baƙa ya rubuta. Wannan shuɗiya ce, kuma bisa ga abin da ta nuna, ya yi wasiyyar shekara biyu bayan an binne shi."

Wata tsohuwa da ke kan benci ta ce, "Allah Ya ba mu irin wannan ƙwazo."

Magatakarda ya ci gaba. "Ga kuma sa hannun shaida a ƙasa, an yanke rabinsa. Ban da 'yar takardar da rantsuwar, yanzu sai ka zo da shaidan da kansa ya tabbatar da hannunsa."

Aka yi sa'a shaidan ba nesa yake ba, Mai Aski ne. Aka yi rashin sa'a Mai Aski ne. Ya ajiye aska, ya ɗaga wasiyyar saitin haske, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba hannuna ba ne."

"Kai da kanka ka gaya mini Yaya ya kira ka ka sa hannu."

"Ya kira ni, na sa. Amma nawa yana da wutsiya. Tana saukowa ƙasa ta lanƙwasa ta koma. Shekara talatin ina jan wutsiyar nan, har a banki da ita aka san ni. Wannan gundulmi ne."

"Wutsiyar ce ta fita layi, na daidaita ta."

"To je ka nemo wanda aka daidaita ya rantse maka. Ni ba zan ɗaga hannu a kotu a kan abin da ba shi da wutsiya ba."

Tela ya yi lallashi, ya yi alkawarin riga kyauta, ya yi barazana da sashe kaza na doka kaza. Mai Aski ya ci gaba da wasa askarsa. Shagon aski kuwa ba wurin ajiye sirri ba ne. Kafin mako ya zagayo, mai sayar da katifa ya aiko tambaya ko Tela na karɓar gugar takardar haihuwa, wani kuma ya turo takardar filinsa a sa mata aljihu.

Saura kwana huɗu labarin ya isa kunnen Gwaggo. Ta zo shagon da matar marigayin a bayanta, ta miƙa hannu ba tare da sallama mai tsawo ba. Tela ya ɗora mata wasiyyar. Ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi ƙara.

"Wannan ce takardar ɗan'uwana, ko abin ɗora kofin shayi?"

"Gwaggo, ko shekara ɗari za ta yi ba abin da zai same ta."

"Abin da zai same ta ya riga ya same ta. Ina 'yar takardar da ka cire?"

"Tana cikin kwando."

"Ina kwandon?"

"Ga shi."

"Ina abin cikinsa?"

Matar Tela, wadda ta kawo masa abincin rana tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Ƙyallayen? Ai na cusa su a matasai, kamar kullum. Uku na yi a makon nan da ake magana. Ɗaya na kujerar Mai Aski, ɗaya na gadonmu, ɗaya kuma ke na kai wa, Gwaggo, da kika ce bayanki na ciwo."

Gwaggo ta dafa bayanta. "Wato kwana ashirin ina jingine da maganar ɗan'uwana. A kawo su nan, a farke."

Tela ya ɗaga almakashi. "A dokance, ba a buɗe shaida sai a gaban hukuma. In muka farke a nan, za a ce mu muka rubuta muka cusa."

Matar marigayin ta dube shi. Ta ce, "Ƙanin miji, ko a gaban wa za a buɗe, a buɗe gobe. Jiya mutumin da ke bayanmu a layi ya zo da tef yana auna ƙofar shagon."

Gwaggo ta ce, "Gobe tare za mu je. Kuma ko me aka samu, daga can ofishin lauya muka nufa."

Da safe Tela ya tuna layin awa biyu, ya kuma tuna cewa masu baƙar riga ba sa bin layi. A jikin bango akwai wata riga da ya gama wata uku da suka wuce. Ta yi kyau ƙwarai har ya kasa rabuwa da ita, yana nuna wa masu zuwa, mai ita kuwa kullum yana ce mata saura maɓalli. Ya zura ta. Hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu, kafaɗar ta matse, amma ya ce haka ake yayi.

Haka ya shiga sashen gado, baƙar riga a jiki, matashi ɗaya a kowace hammata, na uku a ka. Gwaggo da matar marigayin na biye, Mai Aski na bin matashinsa.

Tsohuwar nan ta kan benci, wadda har yanzu ba a gama da fayil ɗinta ba, ta ce, "Yau lauya a nan zai kwana."

Tela ya wuce layin kai tsaye ya sauke kayansa a teburin Magatakarda. "Ranka ya daɗe, na zo gabatar da shaida."

Magatakarda ya janye kofin shayinsa. Kafin ya ce wani abu, almakashi ya shiga cikin matashi na farko.

Fankar sama ba ta san ana shari'a ba. Ƙyallaye suka tashi, ja da kore da baƙi, suka bi ɗakin. Wani ya sauka a kan tabarau, wani a cikin shayi, wasu suka shige fayilolin da ke buɗe. Masu layi suka fara atishawa. Mai Aski na cewa a yi hankali da rigar matashinsa. Babu takarda. Aka farke na biyu, aka samu maɓallan da matar Tela ta daɗe tana nema. Babu takarda.

Ana haka sai wata murya ta ce daga baya, cikin natsuwa, "Malam Tela, ashe an gama ta."

Ya juya. Wata lauya ce, gajeriya, da fayil a hannu da tsohuwar riga da ta koɗe a kafaɗa.

"Gwaji nake yi mata, ranki ya daɗe. Ba na ba da riga sai na ga yadda take tafiya a kotu."

"Ta tafi da kyau. Hammatar dama ce kawai ta buɗe."

Gwaggo ba ta jira shi ba. Ta karɓe almakashin ta farke nata matashin da hannun da ya saba da ɗakin tiyata, ta zura yatsu biyu, ta zaro 'yar takarda a ninke, da ramuka biyu a kusurwa. Ta miƙa wa Magatakarda.

Ya gwada ramukan da inuwar na wasiyyar, waɗanda ke ƙarƙashin yadi da roba, ya gyaɗa kai. Tela ya ce, "A dokance, sai an karanta a bainar jama'a."

Magatakarda ya dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata?"

"Ba mu da abin ɓoyewa."

Magatakarda ya karanta da muryarsa ta kullum, ba hawa ba sauka: "Duk wanda ya buɗe wannan ambulan, ya kai ta yadda take wurin lauyar da ke bene na biyu, daura da kotu. Na riga na biya ta kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma akwai wasiyya ta biyu mai sa hannu a wurinta. Kada a ba ƙanina tela. Mutumin kirki ne, amma ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake."

Wani jan ƙyalle ya sauko a hankali ya zauna a hular Tela. Daga nan tsohuwar benci ta fara dariya, sauran suka ɗauka, har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Lauyar ta matso kusa da matar marigayin. "Ni ce ta bene na biyu. Ba wanda ya sanar da ni rasuwar. Allah Ya jiƙansa. Kwana nawa ya rage wa shagon?"

"Uku."

"Sun isa, in dai ba a sake taimaka mana ba."

Ta hau ofishinta ta sauko da wasiyya ta biyu, da ninkinta da ƙarfenta. Mai Aski ya ga wutsiyarsa cikakkiya, ya rantse har da ƙarin da ba a tambaye shi ba. Sai dai kotu ta ce dole a bayyana abin da ya sami ta farko, don haka aka zaunar da Tela, ba riga, aka rubuta takardar rantsuwa: na cire, na goge, na ƙona, na yanke, na ɗinke, na sake rubutawa, na lulluɓe, na gasa. Shi ya biya kuɗin rantsuwar, shi ya share ɗakin, kuma ɗinkin rigar lauya ya tashi kyauta, har da gyaran hammata.

Ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, lauyar ta kai wa ofishin kasuwa shaidar kotu. Mutumin nan mai auna ƙofar shagon ya naɗe tef ɗinsa. Ranar da ta biyo baya matar marigayin ta buɗe shagon da kanta, ta kunna duk fitilun da ke rataye, masu ja da masu fari, ko da yake rana tsaka ce.

Mako bai cika ba aka ji Tela a ƙofar shagonsa, almakashi a sama, yana shaida wa Mai Aski da mai katifa cewa duk faɗin danginsu shi kaɗai marigayi ya ambata a rubuce, har da sana'arsa, kuma kotu ta karanta ta tabbatar cewa shi mutumin kirki ne.

Da aka kammala komai aka ba matar marigayin babbar takardar kotu mai hatimi, sai ya je yi mata murna. Ya hango takardar a kan tebur, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.

"Matar Yaya, kamar hatimin nan bai zauna a tsakiya ba. Miƙo in gani."

Gwaggo ta ɗauki takardar, ta shimfiɗa a kan kujera, ta zauna a kai.

"Gwaggo, za ta yamutse."

"Haka kotu ke son ta," in ji Gwaggo. "Zauna ka sha ruwa, hannunka a kan gwiwa."